Yaran Ƙetaren Titi

Sati uku ke nan benci biyu na bayan aji uku babu kowa a kai. Yara tara ne, duk daga unguwar da ke ƙetaren sabon titi. Ranar Litinin hedimasta ya kira malamar ajin, ya tura mata rajista.

"Jibi masu duba makarantu za su zo. Cike gurbin nan, Malama. In suka ga aji ya zube, haɗe shi za su yi da wani, ke kuma su ɗauke ki."

"Ranka ya daɗe, in rubuta yaron da ban gani ba?"

"To nemo su. Kwana biyu gare ki."

Ana tashi ta nufi unguwar. A gidan farko ta tarar da uwar 'yan biyu tana wanki, yaran suna miƙo mata kaya.

"Kada ki ɓata bakinki, Malama," in ji matar, ko ɗagowa ba ta yi ba. "A gabana mota ta kwashe ɗan maƙwabciyata, har yau ƙafarsa a ɗaure take. Gara su zauna ina ganinsu."

"In ni na zo na ƙetarar da su fa?"

Matar ta tsame hannu daga kumfa. "Kin taɓa haihuwa?"

"Ban taɓa ba."

"To ki riƙe su kamar kin taɓa."

Washegari da safe yara bakwai aka ba ta. Ta zo da igiyar shanya, ta ɗaura ƙulli bakwai, kowa ya kama nasa. Iyaye mata suka tsaya a bakin titi.

Rabin farko suka wuce lafiya, suka hau ɗan tudun siminti na tsakiya, wanda faɗinsa bai kai tabarma ba. Manyan motoci na keta iska gaba da baya. Wata tirela ta danna hon, ƙaramar cikinsu ta firgita, ta saki igiya ta juya da gudu wajen uwarta.

"Tsaya!"

Malama ba ta da halin bin ta, shida na hannunta. Ga motar yashi tafe. Sai mai facin taya da ke gefen titi ya yar da guduma, ya faɗa tsakiyar kwalta yana kaɗa rigarsa. Birki ya yi ƙara, ƙaurin roba ya tashi. Motar ta tsaya taku uku daga ƙirjinsa, yarinyar na ƙanƙame da ƙafarsa.

Direba ya leƙo yana zagi.

"Zage ni ka gama, ɗan'uwa," in ji mai faci, "amma sai yaran nan sun wuce."

Ya ɗauki yarinyar a kafaɗa ya raka su har ƙofar makaranta. Ranar a zaune Malama ta koyar. Ta tabbata gobe ba mai sake ba ta ɗa.

Da safe ta tarar da mai faci riƙe da allon katako da ya shafa wa jan fenti don tsayar da motoci, mata huɗu na bayansa da mayafai a ɗaure a ƙugu, da yara takwas.

"Ke kaɗai ba za ki iya ba," in ji uwar 'yan biyu. "Ba ni ƙarshen igiyar."

Masu dubawa suka zo suka ƙirga kawuna, suka bar ajin yadda yake. Hedimasta ya rubuta wasiƙa uku yana roƙon a kafa fitilar tsayar da motoci a wurin. Har aka yi hutu amsa ba ta zo ba, matan kuma suka raba kwanakin rakiyar yaran a tsakaninsu.