Jajayen Kifi a Tafkin Dou

Dou Jinsuo maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ko kifi ba ta bari ba. Shi ne manajan mahaƙar kwal da ke saman ƙauyenmu. Doka ta ce duk ruwan da ya wanko kwal sai ya tsaya a tafki, baƙar laka ta kwanta, sannan a sake shi zuwa rafi. Ta kuma ce a yashe tafkin kafin damina. Dou bai taɓa yashewa ba. Ranar da masu bincike za su zo daga birni, sai ya sayo jajayen kifi a kasuwa a zuba a ciki, ya ce ga shaidar ruwansa mai tsabta ne.

Ran nan da hantsi Tsoho Qiao, mai gadin tafkin, yana tsaye da bokitin kifi, Dou ya leƙo daga mota.

"Zuba mana, Tsoho Qiao. Jira kake su yi maka ban kwana?"

"Shugaba Dou, laka ta kusa cika tafkin. Ka dubi sandar nan, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ganuwar nan ba za ta riƙe ba."

"Kai da sama kuka yi shawara? Zuba. Wanda ya mutu ka kwashe da komar kamun kifi ka binne. Na ga ɗaya ciki sama, ka nemi wani aikin."

Qiao ya zuba. Ya san kifin ba sa wuce tsakar rana a wannan ruwa. Masu bincike dai da safe suke zuwa, su ɗauki hoto su tafi. Ya kuma san abin da ke ƙarƙashin ganuwar: gonarsa ta gero, da gidansa a bayanta.

Amma bana sabuwar jami'a aka turo, sunanta Yan, kuma Dou ya ji labarin ba ta da wasa. Sai ya yi dabara. Ya ce baƙo ba ya aiki da yunwa, ya wuce da ita da abokan aikinta ɗakin cin abinci. Aka jera kwanoni, aka buɗe giya. Yan ta ce shayi kawai take sha. To, a al'ada idan baƙo ya ƙi kofi, mai gida ne zai sha a madadinsa, kuma duk wanda aka ɗaga wa kofi sai ya rama. Daga bakin tafki Qiao yana jiyo shewarsu.

Rana ta take. Matarsa Gaizhi ta hauro da kwanon taliya, ta tarar kifin sun fara tasowa suna buɗe baki.

"Sannu da aiki, mai kiwon gawa."

"Ke tsohuwa, bar ni in ji da abin da ke gabana."

"Abin da ke gabanka? Juya ka dubi bayanka. Bara lakar nan ta cinye rabin gona. Bana cikin ɗaki za ta same mu, kai kuwa kana nan kana riƙe masa koma."

"Idan ya kore ni, me za mu ci?"

"Gero, idan ka bar mana gonar."

Kifi na farko ya juya ciki sama. Qiao ya miƙa koma, hannunsa ya tsaya. Na biyu ya juya, wani ya bi. Waya ta yi ƙara a aljihunsa, ya duba, Dou ne. Ya bar ta ta gaji ta yi shiru. Sannan ya miƙa wa matarsa komar.

"Tafi da ita gida. Za ta yi amfani a akurkin kaji."

Ya zauna a kan ganuwa ya ci taliyarsa.

Sai da rana ta karkata suka iso. Dou ne a gaba, fuska jajur, yana tafiya da baya don ya fuskanci baƙinsa.

"Shekara da shekaru kifin nan suna hayayyafa a nan. Ni kaina wani lokaci har..."

Ya ga Yan ba shi take kallo ba. Ya waiwaya. Tafkin ya yi fari fat da cikin kifi.

Yan ta karɓi sandar Qiao ta soka a ruwa. Ta fito baƙa ƙirin, laka tana ɗiga.

"Baba, yaushe rabon da a yashe tafkin nan?"

"Tun da aka haƙa shi, 'yata."

"Kai, butulu!" Dou ya daka masa tsawa. "Ni nake ciyar da kai!"

"Haka ne, Shugaba. Gonata ma ka ciyar da ita, har ta ƙoshi."

A nan take Dou ya kore shi, kuma shi ne umarni na ƙarshe da ya bayar a wurin. An rufe mahaƙar har sai da aka yashe tafkin, damina ta zo ganuwa ta riƙe. Qiao bai koma aiki ba, geronsa ya girba. Dou Jinsuo kuwa an tuɓe shi, kotu ta ɗaure shi shekara uku.