Jinkar da Ta Maƙale a Lungu

...marasa kunne, yaran yanzu, marasa kunne! Ku buɗe rumbu tun sabuwar jinka ba ta shigo gida ba? Wa ya koya muku aiki haka? Wa?

Ga shi nan, baki buɗe yana kallon sama. Hatsin da zai kai mu kaka, da irin shuka, duka a ciki. Ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, har iska ta fara ƙamshin ƙasa. Ni kuma gwiwa ta ƙi, ina zaune bisa turmi, sai baki.

Malam, da kana da rai ka ga jikanka. Siddo! Ya je ya ɗauki siminti a shantiye, wurin ginin gada, ya dawo da usur a wuya, wai shi shef, shugaban aiki. Tun da Nasara suka tafi kowane yaro shef ne. Ya kira gayya, ya raba samari biyu: waɗannan su sauke tsohuwar jinka, waɗancan su ɗauko sabuwa daga bakin kogi inda aka ɗaura ta. Wai a lokaci guda, wai kada a ɓata rana. Na ce, “Siddo, sai sabuwa ta shigo a taɓa tsohuwa.” Ya ce, “Kaka, wannan aikin da ne.” Aikin da! Tsohuwar kuwa suna janta ta wargaje, gara ta riga ta cinye ta. Babu mayarwa.

Sabuwar kuma ta maƙale a lungu. Ya auna bakin rumbu da igiya, na gan shi, har yana ƙulla alama — bai auna hanya ba. Tsakanin tsamiya da katangar Alassan maƙwabci. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Ina hango kanta ta saman darni, tana tangaɗi.

Kowa da bakinsa, ina jin su. A sare tsamiya! Da wane gatari? Kafin a ci rabinta ruwa ya sauka. A fasa katanga! Ga Alassan can da sanda, kuma da gaskiyarsa, matansa na ciki. A karkata ta — a'a, a'a, ƴan banza, za ta karye! Na ji ƙarar itace... wayyo, ku bar ta!

Kai ba haka kake yi ba, Malam. In aiki ya cije, sai ka ce kowa ya rufe baki, ka tsuguna, ka ce, “To, me muke nema?” Haushi kake ba ni, mutane na jira kana tambaya kamar baƙo. Amma fa... me muke nema? Jinka ta wuce lungu? Ta kwana can mana, ta shekara! Hatsi, hatsi kada ya jiƙe. In ya jiƙe ya tsira a rumbu, ya ruɓe — ni na tona gidan tururuwa ina neman ƙwaya, shekarar yunwa, Halima a bayana, jaririya, na zaci barci take yi... Su ba su sani ba. Sun zaci hatsi daga kasuwa yake fitowa.

Kadi, matar Siddo, ta rugo da tabarmi, tana miƙa wa na sama. Iska ta ɗauke guda, ta wuce da ita gidan wani. Allah ya yi miki albarka, ƴar nan, amma tabarma? A kwashe hatsin? Dami-dami, a kai ina, cikin wane lokaci?

Siddo ya shigo. Shi kaɗai, gumi har ƙafa. Zo nan in — a'a, bai kalle ni ba. Ya tsaya tsakar gida. Ya tsuguna! Malam, ya tsuguna, wallahi! Ya dubi rumbu... ya dubi sama... me yake kallo kuma? Ɗakinsa? Sabon ɗakin da ya gina wa Kadi bana, dab da rumbu, ciyawar kansa ko baƙi ba ta yi ba.

Ya miƙe. Yana kwance igiyoyin jinkar ɗakin da hannunsa. “Ku bar waccan! Ku zo nan, ku kama!”

Sun zo, sun kewaye ɗakin. Ɗaga! Ku ɗaga, ƴaƴan albarka! Kai na gefe, kafaɗa, ba hannu ba! Ta tashi — jinkar ɗaki sukutum tana tafiya bisa kawuna. Ashe na miƙe? Ina gwiwar? Sama kaɗan... yamma, yamma... ku sake! Ta zauna. Ta fi rumbun faɗi, to sai me? Ku ɗaure, ku ɗaure!

Ɗigo a hannuna. Wani. Ruwa ya sauko.

Hatsi ya tsira. Su samari sun shige zaure suna dariya, ni an jawo ni ƙarƙashin rumfa. Siddo kuwa yana tsaye ƙofar ɗakinsa, ruwa na zuba ciki kamar rijiya — bisa gado, bisa kwanukan jeren Kadi, bangon da ya kwaɓa da ƙafarsa yana narkewa, jar laka na gangarowa ta bakin ƙofa. Kadi ta rungume fitila.

Na tanadi faɗa mai yawa, Malam. Yana nan a bakina... na gaji. Wani ya kira yaron nan ya shigo daga ruwa.