Kujerar Bahago

"Minti huɗu," in ji Zorka, mai kula da dandamali, ta ɗaga yatsu huɗu daidai hancinsa don kada ya ce bai ji ba. "Minti huɗu, Kawu Radovan. Ko ka zauna a haka, ko ka sauka."

Radovan na tsaye a bayan gangunan, jakar sandunan kiɗa a hammata, yana kallonsu kamar wanda ya dawo gida ya tarar an canja kwaɗo. An jera su ne don badame. Shi kuwa bahago ne, hannu da ƙafa, tun ranar da ya faɗo duniya.

Kowa ya san ƙa'idar bikin. Ƙungiyoyi goma sha ɗaya, ganguna saiti ɗaya. Kowane makaɗi ya zo da sandunansa da faifayensa na tagulla, ya hau, ya buga, ya sauka. In bahago ne sai a rubuta a takarda tun da wuri, a ware minti goma sha biyar a juya komai, har da makirufo goma sha biyu da wayoyinsu da aka manne da ƙasa. Yau ba a ware ba. Ga shi kuma samarin garin Nish da suka gabace su sun cinye minti goma na lokacin da ba nasu ba.

"Ai kin san ni bahago ne."

"Ni na sani, takarda ba ta sani ba." Ta juyo masa da ita. "Ƙungiyar Crni Mlin. Makaɗi, badame. Ga sa hannun shugabanku nan."

Sa hannun Milutin ne, babu ko tantama. Milutin mawaƙin ƙungiyar, kum ɗinsa, wanda ya tsaya masa a coci ranar aurensa. Yana can gefen dandamali yana karkaɗe gashinsa da ya sha baƙin rini.

"Kume, me ka rubuta musu?"

Milutin ya leƙo takardar, ya taɓe baki. "Sauri nake yi. Kowa na kuskure."

"Shekara ashirin da bakwai ina bayanka."

"To, ai ka faɗa da bakinka. A bayana. Ido gare ni a ƙeya? Ka buga haka mana, ganga ai ganga ce."

Stamen mai jitar bas ya tuntsire da dariya. "Wannan? Ko miya ya sha da dama sai ta bi ta gemu."

Milutin bai yi dariya ba. Ya matso har Radovan ya ji warin giya da taba, ya rage murya. "Ka ji ni da kyau. Mutumin da ke shirya zagayen wasannin kaka yana cikin filin nan, mu ya zo gani. Hannunka ya yi nauyi tun bara, ina ta rufa maka asiri. In ka zubar mana da yau, kujerar nan ta tashi daga taka."

Ya juya ya tafi yana gwada murya.

Kujerar kuwa ita kaɗai ta rage wa Radovan. Matarsa ta tafi birnin Graz, a ƙasar waje, aikin jinyar tsofaffi shekara takwas da suka wuce, tun tana kira har ta daina. 'Yarsa ta bi ta. Litinin da Alhamis, ranakun da ƙungiyar ke atisaye a garejinsa, su ne kawai ranakun da ake ƙwanƙwasa masa ƙofa. Sauran kwanakin rediyo yake bari a kunne don gidan ya yi motsi.

"Minti uku," in ji Zorka.

Ya jefar da jakar. Juya saiti duka ba zai yiwu ba, sai dai ya rage shi. Ya ɗago tagwayen faifayen da ake takawa da ƙafa, ya tsallaka da su daga hagu zuwa dama. Wayar makirufonsu ta ƙi kai wa, ya fizge ta ya yar. Ya ja ƙaramar ganga tsakanin gwiwoyinsa, ya gyara fedar uwar ganga daidai ƙafarsa ta hagu. Sauran ganguna huɗun da ke rataye, ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya jingina da bango.

"Kai, tsoho, kayan biki ne fa," mai gyaran sauti ya yi ihu daga can cikin rumfarsa.

"Zan mayar."

"Da guda uku za ka buga metal, kiɗa mai tsananin ƙara haka? Bikin aure ka zo?"

Radovan ya jawo kujera. Ya zauna, ya share zufa da gefen riga, ya ɗaga sanda. Zorka ta danna agogo.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na la'asar, rana na dukan harabar tsohuwar masana'antar tubali kamar da gayya. A da can su ke rufe irin wannan taro, mutane dubu biyar na kiran sunansu. Yau su ne na huɗu a jeri, kuma 'yan baƙaƙen riguna da ba su wuce ɗari biyu ba sun lafe a inuwar dogon bututun hayaƙi, kofunan giya a hannu, suna jiran manyan baƙi na Poland. A gaban shinge mutum bakwai ne kacal, ɗayansu ma ya juya baya yana waya.

Radovan ya ƙirga huɗu, suka faɗa waƙar farko.

A baiti na biyu hannunsa ya tafi neman gangar da ba ta nan, ya doki iska. Stamen ya waiwayo, Milutin kuwa kafaɗarsa kawai ta motsa. Radovan ya san wannan motsin. Ya san bayan mutumin nan fiye da yadda ya san fuskarsa: inda gashi ya fara zubewa a tsakar kai, yadda wuyansa ke kumbura kafin babbar ƙara, yadda ƙafarsa ta dama ke neman ƙasa in numfashi ya kusa ƙare masa. Da wannan bayan yake sanin inda zai sassauta da inda zai kora, ba tare da an taɓa gaya masa ba.

Ya cije leɓe. Tunda babu wurin yin ado, sai ya daina nemansa. Duk abin da ya saba watsawa a kan ganguna bakwai ya tattara shi ya zuba a kan uku. Ƙafarsa ta hagu ta shiga tsakiyar uwar ganga kamar mai sassaƙa gungume, ƙaramar ganga tana amsa mata tas, tas, babu ƙari babu ragi. Waƙoƙin da ya buga sau dubu suka fito tsirara, sun fi nauyi, sun fi mugunta.

A waƙa ta uku mutum bakwai sun zama talatin. A ta huɗu taron da ke inuwar bututun ya taso. Wani ƙato mai furfura da rigar da ta sha facin sunayen ƙungiyoyi ya buɗe da'ira a tsakiya, samari suka shiga gudu suna bangazar juna, ƙura ta tashi ja wur irin ta tubali. Ɗaya ya faɗi, hannuwa biyar suka ɗago shi kafin ya gama faɗuwa.

Kafaɗar Radovan ta fara ci da wuta. Ya bar ta ta ci.

Zorka ta ɗaga yatsa ɗaya daga gefe, alamar saura minti ɗaya. Milutin ya gani sarai, ya kau da kai, ya sanar da waƙarsu mafi tsawo. Zorka ba ta yi gardama ba, ba ta taɓa yi da kowa ba. Ƙarfe huɗu da minti hamsin cif ta ɗaga wa mai gyaran sauti hannu, ya kashe komai.

Jita ta mutu. Milutin ya tsaya baki buɗe yana ihu a makirufon da ba ya ji. Amma ganga ba ta cin wuta. Radovan bai ma lura ba sai da ya ji kansa shi kaɗai a filin, kamar mai sara a daji. Ya kamata ya tsaya. Bai tsaya ba, saura layi takwas waƙar ta ƙare, kuma bai taɓa barin waƙa a hanya ba. Mutanen suka ɗauki amshin da bakinsu, suna buga shingen ƙarfe da tafin hannu, suka raka shi har bugu na ƙarshe.

Daga nan sai aikin mayarwa. Makaɗin ƙungiya ta biyar na tsaye yana kaɗa ƙafa, Radovan ya durƙusa yana ɗaura ganguna huɗun a mazauninsu, yana laluben wayar da ya yar. Da ya ɗago, ya ga Milutin da Stamen da ɗayan mai jitar sun tsuguna a bakin dandamali, sun ba jama'a baya, ana ɗaukarsu hoto kamar yadda aka saba. Babu wanda ya kira shi. Kafin ya miƙe an gama.

A matakala suka haɗu.

"Ba laifi, tsoho," in ji Milutin, idonsa na can wajen rumfar baƙi. "Ba laifi. Mutumin yana son magana da ni, ka jira a mota."

Ba laifi. Daga bakin Milutin wannan lambar yabo ce. Radovan ya sayi burek, wainar fulawa mai cuku, da kofin giya, ya zagaya bayan masana'anta inda ya ajiye tsohuwar motarsa ƙirar bas, ya buɗe ƙofar baya ya zauna a bakinta. Daga nan kiɗan ƙungiya ta biyar bai wuce gurnani a cikin ƙasa ba. Ya ciro waya, ya duba sunan 'yarsa, ya rasa me zai ce mata da za ta gane, ya mayar aljihu. Ko ba komai, ranar Litinin za a ƙwanƙwasa ƙofa.

Yana tsakiyar cin burek ɗin sai inuwa ta faɗo kan takalmansa. Wata mace ce doguwa, za ta kai shekara talatin da biyar, rabin kanta a aske, jakar faifayen tagulla a bayanta. Bai taɓa ganinta ba.

"Sannu, Kawu. Motar Crni Mlin ce wannan?"

"Ita ce."

"Madalla. Motar haya ta makara da ni, ban ga wasan ba, amma na ji ana cewa an kashe wuta." Ta sauke jakar cikin bas ɗin, gefen tasa, kamar wurinta ne. "Sunana Dobrila, sabuwar mai gangarsu. Mako uku ke nan da muka gama magana da Milutin, Litinin zan fara. Ya ce tsohon makaɗin yau zai yi sallama, in karɓi makullin gareji a hannunsa."

Ta dubi burek ɗin, ta dubi furfurarsa, ta yi masa murmushi.

"Kai ne direba, ko? A ina zan same shi?"