Makullin Ɗakin Ƙurya

Ɗakin ƙurya ya fi kowane ɗaki sanyi a gidan. Bangonsa mai kauri ne, tagarsa ɗaya ce 'yar ƙarama, rana ba ta samunsa sai ta gefe. A nan ake ajiye tumatirin gonarsu kafin motar kasuwa ta zo, kuma tun da mahaifiyarsu ta rasu Auta ce mai tsince shi. Baba ya kawo kwanduna daga gona, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa tana warewa, mai tauri gefe guda, wanda ya nuna sosai gefe guda, wanda ya fashe cikin bokiti. Baba yakan zauna kan buhu kusa da ita yana shan shayi, yana ba ta labarin tsutsa da injin ban ruwa. Auta ba mai yawan magana ba ce, shi ma bai taɓa matsa mata ta yi ba.

Kowace shekara sai sun zubar da mai yawa. Kwandon saƙa ya soke na gefe, na sama ya danne na ƙasa, mota ta makara, zafi ya ƙarasa sauran. Amma wanda ya kwana a ɗakin ƙurya yakan kai kasuwa da kyaunsa, Baba kuma yakan ce wa dillali hannun Auta ne. Makullin ɗakin yana ɗaure a bakin zanenta.

Sai yayanta ya yi aure. Matar Yaya mace ce mai fara'a, tun daga bakin titi ake jin dariyarta. Cikin kayanta har da wata kwalba cike da ƙwayar hatsi da farin abu ya lulluɓe kamar auduga. Ta ce irin naman kaza ne, ta koyi nomansa a wurin gwaggonta. Baba ya juya kwalbar a hannu ya ce shi a saninsa laimar kwaɗi ce, kan juji take fitowa, kuma bai tsufa don ya ci abincin kwaɗi ba. Ta yi dariya, ta soya masa ɗan busasshen da ta zo da shi da albasa. Ya cinye, ya leƙa cikin kwanon ya tambaya ko da saura.

Ba a daɗe ba ta roƙi ɗakin ƙurya. Ta ce abin yana son sanyi da laima da inuwa, ba inda ya dace sai nan. Baba ya ce a gwada. Idan ya fito da kyau ɗakin ya zama nata, idan bai fito ba tumatir ya koma wurinsa. Kafin nan Auta ta yi tsinta a rumfar kwano da ke tsakar gida. A gaban Auta ya faɗi haka, yana kallon Matar Yaya. Auta ta kwance makullin ta miƙa.

Daga rumfar kwano tana ganin komai. Tana ganin Matar Yaya tana jiƙa garin katako, tana cusa shi cikin ledoji, tana turara su cikin ganga, tana wanke hannu har gwiwar hannu kafin ta zuba iri. Tana ganin an jera ledojin kan kantar da Yaya ya kafa, an rataye jiƙaƙƙun buhuna a taga. Abin da ya fi ci mata rai shi ne kofin shayin Baba. Da safe zai sauke kwanduna a rumfa ya ce, "Sannu, Auta," ya wuce da kofinsa ɗakin ƙurya. Can sai ta ji muryarsa yana tambaya, ta ji Matar Yaya tana amsawa kai tsaye, ko nauyin suruki ba ta ji. Har takalmi yake cirewa a ƙofa don ta ce a cire. "'Yata" yake kiranta.

"Autar Baba, zo ki ga 'ya'yana sun fara fari," Matar Yaya takan ce idan ta fito. "Ko kin fi son hira da tumatir? Shi dai ba ya ba da amsa, kun dace."

Auta takan yi murmushi ta sunkuyar da kai. Idan Matar Yaya ta juya baya sai Auta ta ga ta matse tumatir mai kyau a hannu har ya fashe.

Da ledojin suka yi fari fat, Matar Yaya ta tsaga su da reza. Ba a jima ba ƙananan kawuna suka leƙo ta tsagar, cunkus kamar kan ashana. Baba ya kira dillali ya gani, ya kira maƙwabci ya gani. Mai wani gidan abinci ya aiko cewa idan ya girma a kai masa. A ranar Auta ta tsince kwanduna tun safe har hantsi ya wuce, babu wanda ya leƙo rumfar.

Cikin wannan makon gona ta nuna gaba ɗaya, kamar an haɗa baki. Aka cire tumatir da yawa, direba kuma ya aiko cewa motarsa tana wurin bakanike, sai jibi. Kwanon rumfa ya ɗauki zafi, hannu ba ya iya taɓa shi. Auta ta shimfiɗa buhuna a kan kwanduna, ta ja su daga wannan kusurwa zuwa waccan tana bin inuwa. Da yamma ta taɓa na sama ta ji sun fara laushi.

Ta daure ta yi wa Baba magana, abin da ba ta saba ba. Ta ce a ba ta ko rabin ɗakin ne har mota ta zo, ai akwai fili a ƙasan kanta. Baba ya ce a tambayi mai ɗaki. Matar Yaya ta ce ba rowa ba ce, amma ɗakin yanzu a jiƙe yake, tumatir ba zai ji daɗinsa ba, kuma yana jawo ƙananan ƙudaje da ke lalata leda. Baba ya gyaɗa kai ya ce ai ta fi su sani. Auta ta koma rumfa tana cewa a ranta, ita da ta yi shekaru tana share ɗakin nan, yau baƙuwa ce za ta gaya mata abin da tumatir ke so.

Washegari da sassafe aka aiko cewa mahaifiyar Matar Yaya ba ta da lafiya. Yaya ya tayar da babur zai kai ta. Ta zo rumfa da mayafi a kafaɗa, ta ɗora wa Auta makullin a tafin hannu tare da robar fesa ruwa.

"Ƙanwar miji, ga amanar 'ya'yana. Ki fesa wa bango da ƙasa da buhunan taga, safe da rana da yamma. Kar ki bari su bushe. Gobe zan dawo in Allah ya so."

Makullin yana da ɗumi daga hannunta. Auta ta ɗaure shi a bakin zanenta, a daidai inda ya saba zama.

Da safe ta yi fesar yadda aka ce. Ɗakin ya sauya mata. Warinsa ya zama na ƙasa bayan ruwan sama, sanyinsa ya fi na da. Naman kazan ya buɗe, fari-fari, wani bisa wani kamar kunnuwa. Ta tsaya ta dube shi, ta so ta ga muninsa ba ta gani ba. A bakin ƙofa ga buhun da Baba ke zama, da zoben da gindin kofinsa ya bari a ƙasa.

Da rana ta take, Baba yana gona, rumfa ta zama kamar tanda. Auta ta taɓa tumatir ta ji shi da zafi har cikinsa. Ta dubi ƙofar ɗakin ƙurya, ta dubi kwanduna. Ta tashi ta fara ja. Ɗaya bayan ɗaya ta shigar da mafi kyau, waɗanda ta ware da hannunta, ta jera su a ƙasan kanta har suka cika wurin. Ta san ruwa ba ya haɗuwa da cirarren tumatir, tun tana yarinya Baba ya koya mata ba a ma cire shi da raɓa. Don haka ta ɗauko babbar ledar da ake rufe taki, ta lulluɓe kwandunan, ta cusa gefunan a ƙarƙashinsu don ko ɗigo kar ya shiga. Sannan ta fesa ruwa a bango da ƙasa, ta ja ƙofa ta kulle. Tana tafiya tana hango gobe, Baba ya ɗaga leda ya ga tumatir ja mai tauri, ya juyo ya dube ta.

Da Baba ya dawo ya ga rumfa ta ragu, ta ce ta sama musu inuwa. A gajiye yake, bai tambayi inda ba. Fesar yamma ta yi ta daga bakin ƙofa. Ta safe ma haka, ba ta ɗaga ledar ba, tana so a buɗe a gaban Baba.

Direba ya samu an gama gyara da wuri, ya iso da hantsi yana danna hon. Kusan tare suka shigo da babur ɗin Yaya. Auta ta buɗe ɗakin, Baba yana bayanta, direba da Matar Yaya suna bayansa. Tun kafin ta taɓa ledar ta ga cikinta ya yi gumi, ɗigo-ɗigo kamar murfin tukunya. Ta ja gefe ɗaya. Wani ɗumi mai tsami ya bugi fuskarta. Zafin ranar da ta shigo da shi bai samu hanyar fita ba, tumatirin ya kwana yana dahuwa cikin guminsa. Na sama ya tsattsage, farin gashi ya fito a tsagar. Na ƙasa ya zama ruwa yana bin siminti. Ƙananan ƙudaje suka tashi suka nufi kanta.

Direba ya toshe hanci ya ce shi dai motarsa ba tankar ruwa ba ce. Babu wanda ya yi dariya. Baba ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya narke a yatsunsa.

"Wa ya shigo da su nan?"

Auta ta buɗe baki. Ta riga ta shirya, ko faɗa ne ya yi mata, ya kira sunanta, ya dube ta ido cikin ido yadda ya daɗe bai yi ba. Amma Matar Yaya ta riga ta.

"Ni ce, Baba. Da zan tafi na ce mata in zafi ya yi yawa ta shigo da su. Ban tuna na ce kar ta rufe ba. Laifina ne."

Baba ya ɗago ya dubi Matar Yaya, fuskarsa ta yi laushi. Ya ce shekaranjiya ta hana, amma da ta ga ƙanwarta cikin wahala zuciyarta ba ta ba ta ba, har ta sa nata kayan cikin hatsari. Ya ce irin wannan ba a yi mata faɗa. Ya tambaye ta ko ƙudajen za su yi wa ledojin illa, ta ce sai an yi sauri. Nan da nan kowa ya kama aiki. Yaya da direba suka fitar da kwanduna, Baba da kansa ya ɗauki tsintsiya yana kore ruwan, Matar Yaya tana yankan manyan naman kaza tana zubawa a tire. Auta tana tsaye a jikin bango da robar fesa a hannu. Sau biyu aka ce ta matsa a wuce.

Direba ya loda ɗan abin da ya saura a rumfa, wanda aka bari cikin zafi, shi ne ma ya fi dama. Tiren naman kaza ya zauna a gaban mota kusa da shi, an rufe shi da farin ƙyalle, za a sauke a gidan abinci.

Bayan tafiyarsa Baba ya shafa bangon ɗakin ya nuna musu tafin hannunsa a jiƙe. Ya ce magana ta ƙare, bangon nan ya sha ruwa, ko an fitar da ledoji ba zai ƙara riƙe tumatir ba. Ɗaki na 'yarsa ne. Auta kuwa zai yi mata rumfar ciyawa idan an gama cirar bana. Ya faɗi haka yana ɗaure igiyar tsintsiya.

Auta ta zauna a rumfar kwano da wuƙa, tana yanke inda bai ruɓe ba don a shanya. Matar Yaya ta zo ta tsuguna kusa da ita, ta yi ƙasa da murya ta ce kar ta damu, ba wanda zai ji daga bakinta.

"Ban ce ki rufa mini ba," in ji Auta.

"Na sani. Ai ke ba kya cewa komai." Ta yi 'yar dariya, ta miƙo hannu. "Ba ni makullin, Baba na jira, zai ga yadda ake cire sauran naman kazan."

Auta ta ajiye wuƙar ta kama bakin zanenta. Ƙullin ya ƙi kwancewa, ta ja shi da ƙarfi jiya, hannunta kuma yana santsi da ruwan tumatir. Sai da ta sa haƙori. Matar Yaya ta karɓa, ta goge shi a mayafinta, ta tafi. Baba yana bakin ƙofar ɗakin ƙurya da kofin shayi, ya riga ya cire takalmi.