Ranar da Mordecai Ya Kama Bakinsa

Mordecai bai taɓa ɓata minti biyar a kan wasan ƙwallo ba. Shekara ashirin da shida yana tuƙa bas a London, abokan aikinsa na ta cacar baki kan ƙungiyoyinsu, shi kuwa kallon marasa aikin yi yake musu. Ga shi bakinsa ba ya ajiye magana, kuma bakin ne ya ja masa. A wata walimar coci a Thamesmead, gaban jama'a, ya ce 'yarsa Kachollom ta karanta haɗa magunguna amma ta ƙare a jifan ƙwallo kamar mai korar tsuntsaye a gonar acca. Aka kwashe da dariya, ban da ita. Wata takwas ke nan ba ta ɗaga wayarsa.

Matarsa Angelina ce ta yi ta kai da kawo har ta samo masa kafa. "Ta ce ka je wasansu na bezbol ranar Lahadi," in ji ta. "Amma in ka sake ba ta kunya a gaban mutane, ta ce shi ke nan. Ka kuwa san 'yarka, zuciyarka ta ɗauko."

Ana tashi daga coci ya hau bas, ya hau jirgi, ya ƙarasa da taram, jirgin da ke bin titi, har wani fili a bayan Croydon. 'Yan kallo ba su kai arba'in ba. Ya zauna da kwat ɗinsa na coci yana zare ido. Abin da ya iya fahimta kaɗan ne: Kachollom ce mai jifa a ƙungiyar masu koriyar riga, abokan karawa kuma suna zuwa ɗaya bayan ɗaya da kulki, kowacce na neman ta doki ƙwallon ta ruga tashar farko. In an fitar da uku, sai a yi musaya.

Wajen musayar ne ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Duk lokacin da Kachollom ta dawo benci, sai 'yan ƙungiyarta su matsa can gefe. Ba mai ce mata sannu, ba mai miƙa mata ruwa. Ita kaɗai a ƙarshen benci, ta lulluɓe hannu da tawul. Ya gani a zagaye na huɗu, ya sake gani a na biyar. Mordecai ya san irin wannan zaman, ya yi shi a ɗakin cin abinci na garejin bas shekarar da ya zo ƙasar. Zuciyarsa ta tafasa. Ya miƙe yana faɗa da Hausa, "Yau sai sun gaya mini abin da ta yi musu!"

Sai ya ji an riƙe masa gefen kwat. Wata dattijuwa ce mai fulas ɗin shayi, Hajiya Awabu, uwar mai cafe ƙwallon ƙungiyar.

"Baba, yarinyanka ne?" ta tambaya da Hausarta ta zangon Kumasi. "Zauna. Ba ƙi suke ba, tsare shi suke. Tun da aka fara, ba wanda ya doki ƙwallonshi ya tsira zuwa tashar farko. In haka ya faru ba a magana da mai jifa, ba a ko ambata, sai an gama. Wanda ya buɗe baki, shi ya ɓata."

"Wannan ai camfi ne, Hajiya."

"Camfi ne. Je ka gwada."

Ya koma ya zauna. Saura ƙiris da ya rasa 'yarsa wajen kare ta.

Bayan zagaye na shida Kachollom ta ɗago kai daga benci, idonta ya faɗa cikin nasa. Wata takwas yake jiran wannan kallon. Sunanta ya zo masa har leɓe, hannunsa ya fara tashi. Ya tuna maganar Hajiya, ya kawar da kai, ya ƙura wa igiyar takalminsa ido. In Kachollom ta ɗauka har yanzu raini ne fa? Tsoro ya kama shi sosai, amma ya daure.

Zagaye na bakwai shi ne na ƙarshe. Kachollom ta fitar da ta farko. Ta biyu ta doka sama, aka cafe, ita ma ta fita, Mordecai ya tsinci kansa ya damƙe hannun kujera yana addu'a a zuci, shi da ke cewa Allah ba ruwansa da ƙwallo. Ta uku ta kai duka ta kuskure, ta sake kaiwa ta kuskure. Saura kuskure ɗaya a fitar da ita. Kachollom ta jefa.

Ƙwas! Ƙwallon ya haye kan 'yan tsaro ya faɗi a ciyawa, mai kulki ta isa tashar farko. Wani ya yi nishi mai ƙarfi kamar an soke shi. Sai da Hajiya ta juyo Mordecai ya gane shi ne.

Kachollom ta fitar da ta gaba, suka ci wasan biyu da babu. 'Yan matan da suka yi ta gudunta suka rufe ta da runguma, wasu har da hawaye. Da ta samu kanta, ta tako zuwa gabansa ta tsaya. Ita da kullum da Turanci take amsa masa, yau da Hausa ta fara.

"Baba, na kalle ka, ka kawar da kai."

Ya nuna Hajiya Awabu da haɓa, ya nuna bakinsa. Sannan ya ce a hankali, "Yanzu an yarda in yi magana?"

Ta yi dariya, dariyar ta zarce da kuka. "An yarda."

Wata takwas yana shirya jawabin ban haƙuri, duk ya bi iska.

"Saura mutum ɗaya, Kachollom," ya ce. "Mutum ɗaya tak! Wallahi ya yi mini zafi. Lahadi mai zuwa a ina za mu buga?"