Zanen Gwaggo Susana

Mika bai gama sauka daga kan kabu-kabun da ya kawo shi Tsibiri daga Maraɗi ba, Baba Barnaba, dattijon majami'a, ya kama shi a hannu ya ja shi gindin bango.

"Ka ce wa gwaggonka ka gani," in ji tsohon. "Ka ce ka nutsa ka ga jirgin da idonka. Shi ke nan abin da muke roƙo."

Aikin Mika a Tunisiya nutso ne: yakan goya tukunyar iska, ya ja ayarin Turawa 'yan yawon buɗe ido zuwa ƙarƙashin teku, su zagaya tsofaffin jiragen yaƙin da suka nutse tun zamanin kakanni. Matiyas kuwa, ɗan gwaggonsa Susana, jirgin roba ya shiga daga Libiya zuwa Turai, kuma jirgin roba in ya nutse ba ya barin ko ɓurɓushi. Shekaru sun shuɗe, Gwaggo ta hana a yi masa addu'ar jana'iza, wai babu wanda ya gani. Ga matarsa Ruhama nan a gidan, ita ba matar aure ba, ita ba gwauruwa ba, ƙuruciyarta na ƙarewa a bakin murhu.

Mika ya tarar da Gwaggo tana ɓarar gujiya. Bayan gaisuwa ba ta yi wani kewaye-kewaye ba.

"An ce kana shiga har ƙasan ruwan. Nuna mini."

Ya miƙa mata salula. Ta daɗe tana kallon ƙaton jirgi kwance a gefe ɗaya, tsatsa ta cinye shi, kifaye na shiga ta taga suna fita, Turawa na shawagi suna ɗaukar hoto.

"Da mutane a ciki lokacin da ya nutse?"

"Da su, Gwaggo."

"Su ma da uwayensu." Ta ɗago kai. "Na Matiyas fa, ka gan shi?"

Baba Barnaba ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Ruhama ta tsaya cak da kwano a hannu. Tausayinta ya kama Mika, amma wallahi ya kasa yi wa wannan tsohuwa ƙarya.

"Ban gan shi ba. Babu kuma wanda zai gan shi, Gwaggo. Ruwan wajen ya fi ƙarfin kowa."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta ci gaba da kallon salular.

"Akwai hayaniya a can?"

"Babu. Numfashinka kaɗai kake ji."

"Sanyi fa?"

"Akwai sanyi sosai."

Ta dafa gwiwa ta tashi, ta shige ɗaki. Suka ji ƙarar murfin akwati. Ta fito da farin zane sabo, a ninke, wanda duk gidan an san ta aje shi ne don ranar da za a naɗe ta a kai ta makwanci. Ta ɗora wa Mika a cinya.

"In ka koma ka sake shi a ruwan. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya jure sanyi."

Sannan ta juya wajen surukarta.

"Ruhama, aje kwanon nan. Je ki ce wa Fasto ya sa mana ranar addu'ar Matiyas."