Ranar Da Taɓo Ya Riƙe Jarallahu

Shekara talatin da ɗaya Jarallahu ya yi a aikin ceto na gwamnati kafin ya yi ritaya, saboda haka yana ganin babu wanda ya isa ya hana shi yi wa maƙwabcinsa Mutlak dariya. Mutlak labule yake sayarwa a kasuwar Hafar Albaɗin, wani gari a hamadar ƙasar Larabawa. Amma da ya rufe shago ranar Alhamis, sai ya zura falmaran ruwan lemo mai ƙyalli, ya maƙala oba-oba a kafaɗa, ya hau jif ɗinsa wadda ya lulluɓe da sitika tun daga bamba har rufi. A samanta akwai fitila mai walƙiya, da tsani, da shebur biyu, da wata eriya da sai ya lanƙwasa ta kafin ya shiga gareji. Shi da abokansa suka kafa ƙungiya mai suna Shahon Sahara, suna fita ciro motocin da suka kafe a daji, kyauta.

Jarallahu kuwa rundunar labule yake kiransu. In majalisa ta cika bayan la'asar ana zagayawa da gahawa, sai ya tambayi Mutlak yau kanar ne ko har an kai janar. Yakan ba mutane labarin ranar da ya gan su a gidan mai, Mutlak, ƙato mai shekara hamsin da bakwai da tumbinsa, yana kiran abokinsa likitan haƙori "Shaho Biyu" a oba-oba, alhali motocinsu na jere, in sun sauke gilashi ma sai su sha hannu. Mutlak ba ya ramawa. Murmushi yake yi, ya miƙa ƙoƙonsa a ƙara masa gahawa.

Bana ruwan hunturu ya yi kyau, don a can lokacin sanyi ake ruwa, fagu ya fito, wannan abu mai kama da dankali da ke kumburo yashi bayan ruwa. Hussa, matar Jarallahu, ta dame shi sai ya kai ta tono, duk da gwiwoyinta sun daɗe da ƙi mata tafiya mai nisa. Wata Asabar da sassafe suka fita su biyu. Suka bar kwalta, suka nausa daji kusan awa guda, suka samu abin da suka samu. Wajen ƙarfe goma Jarallahu ya hango hadari yana haɗowa daga yamma, ya ce a koma. Don ya rage hanya sai ya yanka ta tsakiyar wani fili fari fat, shimfiɗaɗɗe kamar tabarma.

Ya san sabka ce, busasshen tafki mai gishiri wanda samansa ɓawo ne, ƙasansa taɓo. Shi da kansa ya sha yi wa sababbin ma'aikata kashedi a kanta. Amma ya ga sawun taya a gefe, ya ce wa ransa in wani ya wuce shi ma zai wuce.

Sun yi nisa sosai cikin filin sannan motar ta fara nauyi. Ya ƙara wuta, ta yi gurnani, ta tsaya. Ya sa giyar baya, tayoyi suka juya a wuri ɗaya suna watso baƙin taɓo har kan gilashi. Da ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa, sai ƙafar ta shige har gwiwa, da ƙyar ya zaro ta, takalmin ya zauna a ciki. Ya koma ya rufe ƙofa. Wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika motar.

Hussa ta miƙa masa tsumma ya goge ƙafa.

Waya tana da sabis sanda ɗaya, yana zuwa yana ɗaukewa. Jarallahu ya kira layin gaggawa, ya faɗi sunansa da tsohon muƙaminsa. Wanda ya ɗauka ya gaishe shi da ladabi, ya ce tun asuba ambaliya ta rufe unguwanni biyu a gari, motocinsu duk suna can suna kwashe mutane daga rufin gidaje. Ya rubuta inda suke, ya ce za a zo, amma ba ya jin kafin magariba. Sannan ya tambaya ko a ba shi lambar ’yan sa-kai, don su ne suka fi kusa. Jarallahu ya ce ya gode, ya kashe.

Suka zauna. Babu tsuntsu, babu itace, babu komai sai farin fili da sawun tayarsu. Lokaci-lokaci motar takan yi ɗan ƙara ta ƙasa, ta ƙara zama. Jarallahu ya sa ido a kan wani ɗan dutse ta gilashin gefe, don ya gane ko nutsewa suke yi. Bayan rabin awa dutsen ya hau sama a idonsa. Ya sake gwada ƙofa, ta buɗe faɗin tafin hannu kawai, taɓo ya tare ta. Ta ɓangaren Hussa ko motsi ba ta yi ba.

Ya yi lissafin da ya saba yi wa wasu. Shi kaɗai zai iya fita ta taga ya ja ciki har bakin filin. Hussa ba za ta iya ba, shi kuma bayansa ba zai ɗauke ta ba. In hadarin nan ya sauko, duk ruwan tuddan da ke kewaye nan zai gangaro, don nan ne kwarin. Ya san haka sarai, kuma ya san ta gani a fuskarsa, shekara talatin da biyar ta zaman aure ba wasa ba ce.

Ta ce, “Abu Sattam, ka kira maƙwabcinka.” Da sunan babban ɗansu take kiransa, kamar kowa.

Ya ce mata mutanen nan ba su san komai ba sai hoto da bidiyo, in sun zo ƙara ɓata lamari za su yi. Ya ce a ba shi ɗan lokaci ya yi tunani.

Ta ce, “To ka yi ta tunanin. Ni na riga na tura wa matarsa inda muke tun kana magana da yaron can.”

Ya juya fuska ga taga, can ƙasan ransa kuwa wani abu ya ɗan sake.

Awa biyu suka ƙara a haka. Iska ta fara kaɗawa da sanyi, rana ta ɓuya. Taɓo ya fara tsattsafowa ta ƙasan ƙofa, ya jiƙa dardumar ƙafa, Hussa ta naɗe ƙafafunta a kan kujera tana cije leɓe don ciwon gwiwa. Suka yi azahar a zaune, da taimama a jikin kujera. Motar da ya saya don yalwarta yau ta zame masa kamar akurki.

Jiniya suka fara ji kafin su ga kowa. Motoci huɗu suka ɓullo a kan tudu a jere, fitilu na walƙiya, suka tsaya a bakin filin. Jarallahu yana kallo wani siririn mutum ya sauko ya fara jera robobin nan masu tsini na tare hanya, a dajin da ko raƙumi babu. Wani kuma ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo.

Jarallahu ya ce, “Kin gani ko?”

Hussa ta ce, “Na gani. Sun zo.”

Tazarar ta fi ƙarfin igiyarsu. Kafin kowa ya ankara, Duhayyim likitan haƙori, wato Shaho Biyu, ya ce motarsa ba ta da nauyi, zai matsa ciki kaɗan a ƙulla daga jikinta. Jarallahu ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu yana ihu kada ya shigo, iska ta kwashe muryarsa. Likita ya ɗauka kiransa ake yi, ya ƙara wuta. Bai yi tsawon gida biyu ba motarsa ta durƙusa. Yanzu motoci biyu ke cikin sabka, fitilar ta likita tana ta juyawa a samanta.

Jarallahu ya kifa goshi a sitiyari. Da a majalisa ne, wannan labarin ya ishe shi wata guda.

Daga nan wasa ya ƙare. Mutlak ya sa aka sauko da tsani da duk farantan ƙarfen da suke sa wa taya a yashi. Ya tuɓe jallabiyarsa, ya rage daga shi sai dogon wando da singileti da falmaran ɗin nan, ya ɗaura siririyar igiya a ƙugu. Ya shimfiɗa faranti ɗaya ya kwanta a kai, ya tura na biyu gaba, ya ja jiki ya hau, ya jawo na baya ya sake turawa. A haka ya taho, taku-taku, da ciki. Sau biyu farantin ya goce ya faɗa har ƙirji. Jarallahu yana ganin yadda yake tsayawa ya kifa kai yana haki kafin ya ci gaba. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a gilashi tun yana tsakiyar hanya.

Da ya iso, in ba don tabarau ɗinsa ba da ba za a gane shi ba. Ya kama bakin taga yana numfashi, leɓunansa sun yi fari don sanyi. Sai da ya gaida Hussa, idonsa a ƙasa, sannan ya ciro oba-oba daga cikin leda ya miƙa wa Jarallahu.

Ya ce, “Abu Sattam, gaskiya mu yashi muka iya. Taɓo irin wannan sau ɗaya muka taɓa shiga, kuma ba mu ji da daɗi ba. Ka faɗa musu abin da za su yi, za su ji maganarka.”

Jarallahu ya dubi hadarin, ya dubi matarsa, ya ce a manta da motoci, mutane za a fitar. Ya karɓi oba-oba ya fara ba da umarni: a ƙulla babbar igiya a jikin siririyar da Mutlak ya jawo, a ɗaure tsani a kan faranti biyu ya zama gado, shi da Mutlak su jawo shi jikin motar, in an ɗora Hussa a ja da hannu ba da mota ba, don mota fizga take yi. Ya gama, shiru. Mutlak ya ce masa a hankali sai ya ce "oba" a ƙarshe, in ba haka ba za su ɗauka bai gama ba. Jarallahu ya rufe ido ya ce oba. Nan take muryoyi uku suka amsa a tare.

Fitar da Hussa ta taga shi ne aikin. Jarallahu ya tallafe ta daga ciki, Mutlak ya durƙusa a cikin taɓo ya kafa bayansa a ƙarƙashin taga ya zama matakala, ya kau da kai gefe. Ta taka shi da duk nauyinta, bai ko yi nishi ba sai da ta kwanta a kan tsani. Suka lulluɓe ta da bargo, suka ɗaure. Jarallahu ya duba ƙullin da Mutlak ya yi, ya ga ba irin wanda ake koyarwa ba ne, amma ya ja shi da ƙarfi bai motsa ba, sai ya ƙyale.

Ruwa ya sauko sosai lokacin da aka fara ja. Mutanen bakin filin suka jeru a kan igiya, har mai bidiyo ya jefa wayarsa a mota ya kama, likita ma ya rarrafo daga tasa motar ya shiga layi. Tsanin ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, Jarallahu da Mutlak suna biye da ciki, kowa riƙe da gefe ɗaya kada ya kife. Farin filin ya koma ruwan toka, ruwa ya fara kwanciya a sawun taya, sannan ya haɗe ya zama ɗaya. Gishiri yana cin duk inda fata ta yanke. Jarallahu ya daina ganin bakin filin, sai fitilun nan masu walƙiya kawai yake hange ta cikin ruwa, su ya riƙa bi.

Da suka taka ƙasa mai tauri Jarallahu ya kasa miƙewa. Siririn mutumin nan mai robobi, wanda ashe malamin lissafi ne, ya lulluɓa masa bargo, ya ɗura masa shayi mai zafi daga fulas. Da ya waiwaya, ruwa ya kai madubin gefen motarsa. Likita yana tsaye yana kallon tasa, yana tambayar kowa me zai ce wa matarsa, don motar tata ce. Aka yi dariya, har da Hussa daga cikin bargo.

A motar Mutlak aka sa su. Mutlak ya zauna zai tuƙa, hannunsa ya ƙi riƙe makulli don sanyi da gajiya. Jarallahu ya ce ya matsa, ya karɓi tuƙin. Sun hau kwalta kafin ya buɗe baki. Ya so ya yi godiya, amma abin da ya fito shi ne tambayar me ya kai mai sayar da labule wannan wahala.

Mutlak ya ce, “Sau biyu na nemi aikinku ina saurayi, gwajin ido ya kayar da ni.” Ya ɗan yi dariya. “Falmaran ɗin kuma ina son ta, ba zan ɓoye maka ba.”

Jarallahu ya ce, “Allah ya saka maka, Abu Fahhad. Ka ɗauki iyalina a bayanka.”

Mutlak ya ce ai babu komai tsakanin maƙwabta. Bai ƙara minti biyar ba barci ya kwashe shi, kansa jingine da gilashi, taɓo na bushewa a gemunsa.

La'asar sakaliya suka shigo gari. A nan Jarallahu ya lura mutane suna kauce masa a hanya, ya gane fitilar saman motar tana kunne tun daga daji. Ya laluba maɓallan da ke gabansa, sun fi goma, babu rubutu a ko ɗaya. Ya danna wani, jiniya ta yi ƙara, ya yi maza ya kashe. Hussa ta ce daga baya ya tashi mai motar ya tambaye shi mana. Ya dubi Mutlak, bakinsa a buɗe yana minshari, ya ce a bar shi ya huta. A haka ya karya kwanar layinsu, fitila na walƙiya a jikin katangu, ya tsaya a ƙofar gidan Mutlak ya sauka da takalmi ƙafa ɗaya ya buga ƙofa.